Ruwan 'ya'yan garehul na kwalba: yana kashe ƙwayoyin cuta, amma wa ke yin aikin?

Ƙaramar kwalba ce mai bakin ɗigawa. Abin da ke cikinta ruwa ne mai kauri da danƙo, launinsa kamar na zuma mai haske, ɗacinsa kuwa ɗigo ɗaya a harshe ya isa ya daɗe bai saki mutum ba. A jikin takardar za ka ga haruffa uku, GSE, gajeren sunan ruwan 'ya'yan garehul da Turanci, da hoton garehul an raba shi biyu, wato babban lemon nan mai ɗaci-ɗaci. Yawancin masu yin sa suna rubuta cewa wajen kashi ɗaya bisa uku na ruwan an tatso shi ne daga 'ya'yan garehul da tukarsa, sauran kuma gilisarin ne na tsirrai. Alkawarin da ke tafe da kwalbar yana da faɗi ƙwarai: maganin bakteriya, maganin fumfuna da yis, abin kurkurar baki, abin wanke kayan lambu, abin tsarkake ruwan sha, abin hana man shafawa lalacewa. Da yawa suna cewa a ɗiga 5 zuwa 15 a kofin ruwa a sha, har sau uku a rana.

Hukuncinmu a kansa ba mai daɗi ba ne, kuma gara mu faɗe shi tun daga farko. Kwalabe da yawa na wannan ruwa suna kashe ƙwayoyin cuta da gaske, wannan ba ƙarya ba ne. Matsalar ita ce duk lokacin da masana suka bi diddigin abin da ke yin kisan, ba garehul suke tararwa ba.

A shekarar 1999 wasu masu bincike a jami'ar Greifswald ta Jamus, ƙarƙashin von Woedtke, suka sayo samfuri 6 na kasuwa suka gwada su a kan bakteriya irin su Staphylococcus aureus da Escherichia coli da kuma wani nau'in yis. Guda 5 sun hana ƙwayoyin tsiro sosai. Da aka bincika su, dukkan biyar ɗin suna ɗauke da benzetoniyam kuloraid, sinadarin masana'anta da ake sa wa a magungunan goge fata da na share kayan aiki. Uku daga cikinsu har da ƙarin tiraikulosan da metilfaraben, su ma sinadaran masana'anta ne masu hana ƙwayoyin cuta tsiro. Na shidan ne kaɗai ba a samu komai a cikinsa ba, shi ne kuma kaɗai bai kashe komai ba. Masu binciken ba su tsaya nan ba, suka samo garehul suka tatsi 'ya'yansa da tukarsa da hannunsu, suka gwada ta hanyoyi biyu. Babu abin da ya hana tsiro. Wannan gwaji na ƙarshe shi ne ya fi kowanne nauyi, domin shi ya raba gardama tsakanin 'ya'yan itacen da kwalbar.

Ba su ne na farko ba, ba kuma su ne na ƙarshe ba. Tun 1996 Sakamoto da abokan aikinsa a Japan suka ga tiraikulosan da metilfaraben a ruwan kasuwa, ba su gan su a wanda suka tatsa da kansu ba. A 2001 Takeoka da tawagarsa a ma'aikatar noma ta Amurka suka auna benzetoniyam kuloraid ya kai kashi 8 cikin 100 na wani ruwan kwalba, na gari kuma ya fi haka. A 2005 suka sake samun ɗan'uwansa benzalkoniyam kuloraid a wani samfurin, wajen kashi 22 cikin 100. A 2006 a Innsbruck ta Ostiriya an duba samfuri 9, aka samu irin waɗannan sinadarai a 7. Ƙasashe daban-daban, shekaru daban-daban, na'urori daban-daban, amsa ɗaya. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Kashi 8 cikin 100 adadi ne da ya kamata a juya shi zuwa abin da ke shiga ciki. Ɗigo 10 wajen rabin mililita ne, kuma da yake gilisarin ya fi ruwa nauyi, abin da ke cikin wannan rabin mililitar na benzetoniyam zai kai miligiram 40 zuwa 50. Sau uku a rana, an haura miligiram 100. Dokar kayan kwalliya ta Tarayyar Turai ta ƙayyade shi a 0.1 cikin 100, ta kuma hana sa shi a abin da ake barinsa a baki. Kwalbar da ke da kashi 8 ta ninka wannan iyaka sau 80, kuma ita ba shafawa ake cewa a yi ba, haɗiya ce. Ko bayan an sirka ɗigo goman a kofi mai cin mililita 200, kowace mililita tana ɗauke da fiye da maikirogiram 200 (maikirogiram ɗaya bisa dubu ne na miligiram), alhali 'yan maikirogiram kaɗan sun isa su tsayar da Staphylococcus. Shi ya sa wanda ya gwada kwalbar a farantin rainon bakteriya yake ganin abin mamaki.

Wasu masu sana'ar suna da amsar da suke bayarwa. Suna cewa ba zubawa suka yi ba, wai yayin sarrafawa da amoniyam kuloraid da asid da zafi, sinadaran 'ya'yan ne suke rikiɗewa su zama wani abu mai kama da benzetoniyam. Wanda ya san ginin waɗannan sinadarai ba zai karɓi wannan magana ba. Abin da ke cikin 'ya'yan garehul shi ne mai, da limonin da nomilin masu kawo ɗaci, da narinjin da danginsa. Babu naitirojin a jikin ko ɗaya daga cikin waɗannan na ɗaci da na launi. Shi kuwa benzetoniyam yana da wata jela mai rassa ta kabon takwas wadda daga sinadaran man fetur ake haɗa ta, babu irinta a lemo. Tiraikulosan kuma yana da kulorin uku a liƙe a zobbansa. Dafa tukar lemo a tukunya, komai daɗewa, ba zai haifar da waɗannan ba. Ƙungiyar masana tsirran magani ta Amurka ta tattara wannan batu a 2012 ta hannun John Cardellina, ta kira abin da sunansa: algus.

Yadda waɗannan sinadarai ke aiki shi ma yana tona asirinsu. Dangin benzetoniyam sabulu ne mai cajin lantarki na ƙari a kansa da jela mai son mai. Kan yana manne wa fatar bakteriya, jelar ta kutsa cikin kitsen fatar ta yaga ta, abin ciki ya tsiyaye. Saboda sabulu ne, idan ka ɗiga ruwan a kwalbar ruwa ka girgiza, kumfa takan taso ta daɗe ba ta kwanta ba. Wannan alama ce kawai, ba hujja ba, don wasu sinadaran tsirrai ma suna kumfa. Akwai 'yan takardun gwaji da masu tsaftace wuraren abinci ke tsomawa a ruwan goge-goge don auna wannan dangi na sinadarai, kuma idan takardar ta sauya launi a ruwan garehul da aka sirka, da walakin. Tabbaci na ƙarshe sai na'urar raba sinadarai ta HPLC, mafi kyau wadda aka haɗa da mai auna nauyin ƙwayar sinadari, tare da tsantsar benzetoniyam da benzalkoniyam a gefe don kwatantawa.

Ga mai ɗakin gwaje-gwaje da ke son ya auna kwalbar da kansa, hanyar sananniya ce, amma wurin tuntuɓe yana da yawa. A zuba agar na Mueller-Hinton, wato daskararren abincin da ake rainon bakteriya a kansa, a faranti kauri milimita 4, domin idan ya yi siriri da'irar da bakteriya ba ta tsiro a cikinta ba za ta yi faɗi fiye da gaskiya, idan ya yi kauri ta matse. A dama bakteriya a ruwan gishiri har ta kai duhun 0.5 na ma'aunin McFarland, wato wajen miliyan 150 a mililita, a shafe farantin da auduga ta fuska uku cikin minti 15. A yi amfani da irin bakteriyar da aka san halinta, kamar E. coli mai lamba ATCC 25922 da S. aureus mai lamba ATCC 25923. A ɗora faifan takarda mai faɗin milimita 6 da aka ɗiga wa ruwan kwalbar, a ajiye a digiri 35 na awa 16 zuwa 18, sannan a auna faɗin da'irar da ta fita tas. Faifan maganin bakteriya jentamaisin mai maikirogiram 10 ya kamata ya ba da milimita 19 zuwa 26 a kan wannan E. coli, idan bai ba da haka ba, aikin ranar gaba ɗaya ba abin dogaro ba ne.

Abin da ake yawan mantawa da shi shi ne faifan shaida, wato wanda ba a sa masa ruwan kwalbar ba, don kwatantawa. Ruwan kwalbar yana da tsami sosai, tsami kuma shi kaɗai yana hana bakteriya tsiro a kusa da faifai. Saboda haka dole a yi faifai na gilisarin zalla, da na gilisarin da aka sa wa tsami daidai da na kwalbar, sannan a gwada ruwan kansa bayan an daidaita tsaminsa zuwa kusa da 7 a ma'aunin tsami na pH, inda babu tsami. Akwai kuma dabara mai sauƙi da ke nuna inda ƙarfin ya fito: a maimaita gwajin a ruwan rainon bakteriya mai lesitin da folisobet 80, irin wanda ake kira Letheen. Waɗannan biyun suna ɗaure dangin benzetoniyam su kashe masa kaifi. Idan kwalbar ta yi ƙarfi a ruwa na yau da kullum ta kuma mutu murus a wannan, to an san inda za a nufa da bincike.

Kada wannan ya sa a ce 'ya'yan itatuwan ƙasashe masu zafi babu komai a cikinsu. Akwai, kuma sanin yadda na gaskiya suke shi ne zai taimaki mai saye ya gane na jabu, domin na gaskiya suna da iyaka da zaɓe, ba sa kashe komai da komai.

'Ya'yan gwanda misali ne mai kyau. Yajin nan da suke yi idan an tauna su daga sinadarin benzil aisotayosayanet yake, kuma ba ya nan a shirye cikin ƙwayar. Abin da ke ciki shi ne uwarsa, gulukotirofiyolin, da wani enzayim, wato furotin mai sarrafa sinadarai, mai suna mairosines, kowanne a ɗakinsa. Sai an farfasa ƙwayar da danshi su haɗu sannan sinadarin ya fito. Daga nan ne kurakurai biyu suke tasowa. Wanda ya busar da 'ya'yan a zafi mai yawa ko ya tafasa su ya kashe enzayim ɗin, ba zai samu komai ba. Wanda kuma ya niƙa su ya jiƙa yadda ya kamata, sannan ya ƙafe ruwan a buɗe a kan wuta, ya kori sinadarin cikin iska domin mai tashi ne. Ko an same shi, yana saurin kama furotin, don haka ƙarfin da ya nuna a faranti yana raguwa da zarar ya haɗu da jini ko madara. Ga kuma abin lura: gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye da zomaye da birai sun nuna ruwan 'ya'yan gwanda yana rage yawan maniyyi da kuzarinsa. Abu mai aiki ne, don haka ba a wasa da yawansa.

Ƙwallon mangwaro kuwa hanyarsa daban. Ƙwayar da ke cikinsa tana da sitaci da kitse, amma ƙarfinta a kan bakteriya yana wurin galotanin, wato sukari guda da aka rataya wa galik asid biyar zuwa goma. Aikin da Engels da abokan aikinta suka wallafa a 2009 da 2011 ya nuna cewa babbar dabararsu ita ce kame ƙarfen da bakteriya ke buƙata don rayuwa, har ta rasa abin ci. Idan aka ƙara ƙarfe a ruwan rainon, ƙarfin nasu ya sauka. Sun fi tasiri a kan bakteriya masu riƙe rinin Gram, wato rinin da ake bambance bakteriya da shi, kamar Staphylococcus da Bacillus da Listeria, E. coli da danginta masu fata biyu sun fi jurewa, bakteriyar da ke tsamar da madara kuwa kusan ba ruwanta da su domin ba ta dogara da ƙarfe ba. Galotanin manya ne, ba sa tafiya da nisa a cikin agar, saboda haka da'irarsu ƙarama ce ko da suna da ƙarfi. Wanda ya yi musu hukunci da faifai kaɗai ya zalunce su. Sai an bi ta hanyar sirkawa rabi-rabi a faranti mai rami 96 a nemo mafi ƙarancin adadin da ke hana tsiro.

A nan ne ma'auni yake da amfani. Masu bincike Ríos da Recio sun ba da shawara a 2005 cewa ruwan tsiro da sai ya haura miligiram 1 a mililita kafin ya yi aiki bai cancanci a ce yana da ƙarfi ba, wanda ya yi aiki a ƙasa da maikirogiram 100 shi ne abin dubawa. Yawancin ɗanyen ruwan 'ya'yan itatuwa a ɗaruruwa ko dubban maikirogiram suke aiki. Maganin bakteriya sifirofuloksasin yana tsayar da waccan E. coli a 0.004 zuwa 0.016 na maikirogiram a mililita. Tazarar ta kai ninki dubbai. To idan kwalba ta ce ɗigo kaɗan a kofin ruwa yana gamawa da bakteriya iri-iri da yis da fumfuna a lokaci guda, abin da ta siffanta halin sinadarin goge-goge ne, ba halin ƙwayar itace ba.

Tatsar gaskiya ma ba ɓoyayyen abu ba ce, kuma duk kamfanin da ke yin ta ya kamata ya iya bayyana ta. A wanke 'ya'yan a cire tsoka, a busar a digiri 40 zuwa 45 har nauyinsu ya daina raguwa, a niƙa a tankaɗe. A fara cire mai da heksen, don mai yana rufe sauran sinadarai yana kuma ɓata gwaji. Sai a jiƙa giram 100 na garin a lita 1 ta etanol mai ƙarfin 70 cikin 100 na awa 48 zuwa 72 ana motsawa, a tace, a ƙafe a na'urar juyawa a digiri 40, a auna abin da ya rage a rubuta. Idan da DMSO, wani ruwan narkar da sinadarai, za a narkar da shi don gwaji, kada ya wuce 1 cikin 100 a ramin ƙarshe, kuma a ba shi nasa ramin shaida. Ragowar etanol da bai ƙafe ba ya sha ruɗar masu bincike, su ga da'ira su yaba wa tsiron alhali giyar ce ta yi aikin.

Mu koma kan kwalbar, amfani bayan amfani.

Sha: ba mu goyi baya ba ko kaɗan. A 2007 aka wallafa rahoto daga Suwidin na wasu ma'aurata da ke kan warfarin, maganin hana jini daskarewa. Sun sha ɗigon wannan ruwa kwana uku, ma'aunin jinkirin daskarewar jini, wato INR, na matar ya tashi zuwa 7.9 har jini ya taru mata a ƙarƙashin fata, na mijin ya kai 5.1, alhali yawanci tsakanin 2 da 3 ake son sa. Da aka bincika kwalaben, benzetoniyam aka samu, kuma an nuna yana toshe enzayim ɗin hanta da ke narkar da warfarin. Ko kwalbar ta kasance tsarkakakkiya, garehul kansa yana da tarihin karo da magunguna tun 1989 da David Bailey ya gano haka a Kanada da maganin hawan jini felodifin, ta dalilin sinadaran furanokumarin da ke toshe enzayim CYP3A4 a hanji. Mai shan maganin zuciya, ko na kitsen jini, ko na dashen ƙoda, da mai juna biyu, da jarirai, duk su nisance shi. Babbar asarar ma ita ce ta lokaci: wanda ke fama da ciwon sanyin mafitsara ko gyambon da ya fara ruwa, kwana biyar da ya ɓata yana ɗiga kwalba kwana biyar ne da cutar ta samu ta shiga gaba.

Man shafawa da sabulun ruwa: a nan ma ya gaza, ta fuska biyu. Idan kwalbar tsarkakakkiya ce, man da ke da ruwa a cikinsa ya zauna ba kariya, fumfuna ta fito a saman murfi, bakteriya kuma ta cika shi tun ido bai gani ba. Idan mai algus ce, mai haɗawa ya sa sinadarin da bai san sunansa ba, bai san yawansa ba, bai kuma rubuta shi a takardar kayansa ba. Wannan dangi na sinadarai ba ya shiri da sabulu na yau da kullum da mafi yawan abubuwan kumfa, suna haɗuwa su kashe juna, wani lokaci haɗin ya tsinke ko ya yi gudaji. Pseudomonas da Burkholderia kuma suna jure musu, har an sha samun su suna rayuwa a cikin ruwan benzalkoniyam. Abin da ke tabbatar da kariya shi ne gwajin ƙalubale irin na ISO 11930: a zuba ƙwayoyi iri 5 a cikin man da gangan, a ƙirga su a kwana na 7 da na 14 da na 28.

Ruwan sha da wanke kayan lambu: tafasawa ta minti ɗaya ko kulorin da aka auna sun fi shi tabbas nesa ba kusa ba. Goge tebur da makamantansu: kwalba mai algus za ta yi aikin, amma wanda ke son benzalkoniyam ya sayi wanda aka rubuta sunansa da ƙarfinsa da tsawon lokacin da za a bar shi a jiƙe. Amfani da shi a ƙarfin da bai kai ba, kullum-kullum, yana raya bakteriya masu famfon fitar da guba irin na ƙwayoyin halittar qacA da qacB a Staphylococcus, wanda abin damuwa ne ga kowa ba ga mai kwalbar kaɗai ba.

Adalci ya sa mu ce ba kowace kwalba ce mai algus ba. Akwai masu yin na gaskiya, musamman waɗanda ke sayar da shi a matsayin tushen sinadaran filabonoid ba tare da alkawarin kashe cuta ba. Mai son saye ya nemi takardar gwajin wani ɗakin bincike mai zaman kansa, mai ɗauke da lambar rukunin da ke jikin kwalbarsa, ba ta wani rukuni na shekarun baya ba. Takardar ta ambaci benzetoniyam, benzalkoniyam, setirimoniyam, tiraikulosan da dangin faraben ɗaya bayan ɗaya, da hanyar da aka bi, da mafi ƙarancin abin da na'urar ke iya gani. Kalmar “ba a samu ba” ba tare da wannan adadi ba ba ta da nauyi. Ta kuma faɗi yawan narinjin ko limonin da ke ciki, domin a wasu samfuran da aka bincika ba a ma ga alamar garehul ɗin ba. Kamfanin da ya kawo wannan takarda cikakkiya, kwalbarsa ruwan lemo ne mai ɗaci a cikin gilisarin, kuma mai saye ya sa rai cewa idan aka ɗora ta a farantin Staphylococcus aka daidaita tsaminta, bakteriyar za ta tsiro har bakin faifan.